Tafiyata Zuru, Inda Dara Ta Ci Gida

In aka ce dara, me ke fara faɗo muku a rai? Na san amsar mafi yawanku, domin ni ma ita ce tawa kafin hutun da ya wuce: katako mai gurabe 12, a zuba 'ya'ya huɗu-huɗu, a riƙa kwasa ana rabawa. Ita yayyena mata ke yi a tsakar gida, ita ce kuma Yarbawa ke kira ayo. To ashe akwai wata darar daban, wadda ba a kwasa, ba a rabo. A garin Zuru na jihar Kebbi na gamu da ita, kuma gamuwar ba ta yi mini daɗi ba da farko.

Abokina da muke kwana ɗaki ɗaya a jami'a a Sakkwato ɗan Zuru ne. Shekara biyu ke nan yana cin tuwon gidanmu kusan duk ƙarshen mako, kullum yana cewa sai na je na rama. Da aka ba da hutun ƙarshen zango, hunturu ya kankama, sai na nemi izini a gida. Mahaifiyata ta daɗe ba ta ce komai ba, saboda labaran 'yan bindiga da ake ji daga wancan yankin. Daga baya ta amince bisa sharaɗi biyu: ban da tafiyar dare, kuma kada na fita garin Zuru zuwa wani ƙauye ko wane ne zai ja ni.

Gari na wayewa muka bar Sakkwato. Boɗinga, Shagari, Tambuwal, sai Aliero, inda warin albasa ke riga allon sunan garin yi maka maraba. A Jega muka tsaya muka karya kumallo da koko da ƙosai. Da muka isa Koko sai muka bar babban titin da ya miƙe zuwa Yawuri, muka karya hagu, muka bi ta Mahuta da Dabai. Daga nan ƙasa ta sake kama. Shimfiɗaɗɗen filin da na saba gani a wajenmu ya ƙare, tuddai da duwatsu suka fara tasowa, ɗorawa da kaɗanya suka yi yawa, ga gonakin dawa an girbe an tara dammuna. Na lura da wani abu kuma: tun da muka bar Koko hira ta ragu a motar. Kowa idonsa na kan hanya. Sai da muka hango rufin gidajen Zuru sannan wata mata a bayana ta sauke ajiyar zuciya, ta kwance ƙullin gyaɗarta ta miƙa wa kowa.

Mutanen da muke kira Dakarkari, su Lelna suke kiran kansu, harshensu kuma C'lela. Amma a kasuwa da tasha Hausa ake yi, don haka ban sha wahalar magana ba. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. An san ta da noma, da bikin Uhola na godiya bayan girbi, da kuma aikin soja. Wannan na ƙarshe ba sai an faɗa maka ba. Falon da ka shiga, da wuya ka rasa hoton wani cikin kaki a bango. Musulmi da Kirista kuwa gida ɗaya za ka same su, wa da ƙane. Na zaga gari, na hau tudu na ɗauki hotuna, na ci tuwon dawa har na gode Allah. Amma duk ba wannan ya tsaya mini a rai ba.

A bayan gidan su abokina akwai wata tsamiya. Tun ranar da na sauka nake ganin kakansa a gindinta, a kan buzu, shi kaɗai, yana gyara wasu 'yan ramuka a ƙasa da ɗan yatsa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi ritaya ya koma ƙauyensu yana noma. Rashin tsaro ne ya taso shi daga can, ya dawo cikin gari wurin ɗansa, ya baro gona da rumbu. Rana ta biyu na je gaishe shi da hantsi, wayata a hannu, ina tsakiyar wasan ces da kwamfuta. Ya leƙa, ya ce, "Ɗan boko, me kake dannawa haka?" Na ce, "Wasan ƙwaƙwalwa ne, Baba. Na manyan masana." Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ta ƙarshen ba. Ya yi murmushi, ya nuna mini ƙasa a gabansa, ya ce, "To zauna, manyan masana."

Ku ɗauki takarda ku zana, don ku fi gane abin da zan faɗa. Layi biyar ne, kowane layi gurbi shida, jimilla gurbi 30. Akwai wuraren da ake haƙa fiye da haka, shida sau bakwai, amma ta Baba 30 ce. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Don kada su cakuɗe, ɗaya ya riƙe tsinke, ɗaya tsakuwa. Baba ya zaro guntayen karan dawa daga aljihu, ni kuma ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara ya juye mini tsakuwa 12 masu santsi, duk kusan girmansu ɗaya.

Wasan hawa biyu ne. Na farko zubi: in sa ɗaya, ya sa ɗaya, duk gurbin da mutum ya ga dama, har 'ya'ya 24 su ƙare. A wannan hawan ba a ci, kuma an hana ka jera uku. In an gama zubi gurbi shida kacal suka rage babu kowa. Daga nan sai tafiya: kowa ya matsa da ɗansa ɗaya zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi in babu kowa a ciki, gaba, baya, dama ko hagu. Ba a tafiyar karkace, ba a tsallake. Duk wanda tafiyarsa ta jera masa 'ya'ya uku a layi ɗaya, a kwance ko a tsaye, ya ci: sai ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda ɗaya. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, tunda biyu ba sa jera uku. Ke nan sai ka cinye wa mutum goma kafin ka tashi da nasara.

Da na ji wannan, a raina na ce ai wannan wasan yara ne. Na riƙa zuba tsakuwata da sauri, ina bin gefe-gefe da kusurwoyi, wai ni mai dabara, kada a kewaye ni. Baba kuwa kowane tsinke sai ya juya shi a hannu, ya dubi ƙasa, ya dube ni, kafin ya soka. Aka gama zubi, aka fara tafiya. Ban san yadda aka yi ba. Na dai ji yana cewa "na ci", "na ci", "na ci", yana jefa tsakuwata cikin gwangwani tana ƙara. Goma ya ci, ni ko ɗaya. Muka sake, haka. Muka sake na uku, haka. Abokina yana jingine da tsamiya yana dariya har da riƙe ciki, alhali shi ko zubin bai iya ba.

Da dare na kasa barci. Na ɗauko biro na zana gidan darar a bayan littafina, na yi abin da na fi iyawa, wato lissafi. Na ƙirga hanyoyin da za a iya jera uku. A kwance, kowane layi mai gurbi shida yana ba da hanya huɗu, layi biyar ke nan 20. A tsaye, kowane layi mai gurbi biyar yana ba da hanya uku, layi shida ke nan 18. Jimilla 38. Sai na duba kowane gurbi, cikin hanyoyi nawa ya shiga. Gurbin kusurwa, inda na yi ta rububin zuba tsakuwata, cikin biyu kawai ya shiga. Gurabe biyun da ke tsakiyar layi na uku kuwa, kowanne cikin shida ya shiga. Nan ne daidai inda Baba ke soka tsinkensa na farko kullum. Ashe tun ban taɓa tsakuwa ta biyar ba an riga an cinye ni, tafiyar da ta biyo baya karɓar bashi ce kawai.

Da safe na kai masa lissafina ina alfahari. Ya saurara har na gama, ya ce, "Talatin da takwas ne? To madalla. Shekara sittin ina yi ban ƙirga ba." Amma na ga ya ji daɗi, domin ranar ya fara koya mini da gaske.

Abu na farko da ya nuna mini shi ne zubi ba ajiya ba ne. Kowane ɗa da za ka sa, ko dai yana gina maka, ko yana toshe wa wancan, wanda ya fi kuwa shi ne mai yin duka biyun. Ya jera tsinke huɗu, biyu sama biyu ƙasa, manne da juna a tsakiyar gida, ya ce in ƙirga bakunansu, wato guraben da in ɗa na biyar ya shiga zai cika uku. Na ƙirga takwas. Ya mayar da su kusurwa, na ƙirga huɗu. Ya ce, "In ka bar ni na yi wannan a tsakiya, da tsakuwa nawa za ka toshe baki takwas?" Ban da haka, dole ka riƙa tunanin guraben nan shida da za su rage. Ɗan da ke kewaye ta ko'ina, ko naka ne ko na wani suka kewaye shi, ba ya motsi. Kana iya samun 'ya'ya biyu a jere, ga gurbi na uku a buɗe, amma babu wani naka kusa da zai shiga. Baba ya ce wannan kamar mai tukunya ne da murhu, babu wuta.

Abu na biyu shi ya fi ba ni mamaki: uku ake so, uku cif. Huɗu a jere ba ci ba ne, a wurin Baba ma ba a yarda ka yi tafiyar da za ta jera huɗu ba. Don haka in kana da biyu a jere, sai gurbi, sai wani naka guda, ka kashe layin da hannunka, domin cike gurbin zai ba da huɗu. Jiya sau biyu na yi wannan zubin ina murna, ina ganin na haɗa tarko.

Sai maganar ci, kuma a nan ne na gane darar nan ta bambanta da duk wasannin da na sani. A diraf, tsallake ɗan mutum kake yi ka ɗauke. A ces, sauka kake yi a gidansa. A wasan Go da ake yi a ƙasar Sin da Japan da Koriya, mai layi 19 sau 19, dutsen da aka ajiye ba ya sake motsi, ana cin sa ne in an kewaye shi ya rasa mafita. A duk waɗannan, wanda za ka ci shi ne wanda ka taɓa. A dara kuwa kana iya jera uku a wannan ƙarshen, ka miƙa hannu can ɗaya ƙarshen ka ɗauke wanda ranka ya so. Wanda kawai aka hana ka taɓawa, a ƙa'idar Baba, shi ne ɗan da ke zaune cikin ukun da aka riga aka jera. Ke nan jera ukun rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne zaɓen wanda za ka ci.

Ban ɗauki wannan da muhimmanci ba sai rana ta huɗu. Ranar ce na fara jera uku a rayuwata. Na yi tsalle na ce, "Na ci, Baba!" har kaji suka watse. Ya ce, "To ci mana." Na duba tsinkensa. Akwai guda a gefe, shi kaɗai, gurbi ɗaya tsakaninsa da wasu biyu. Na ga shi ya fi kusa da hannuna, na fizge shi. Ƙanwar abokina, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, wadda ta kawo wa Baba kunu ta tsaya kallo, ta dafe kai ta ce, "Kai, Yaya!" Kun gane abin da na yi? Tsinken nan shi ne na huɗun da ya kashe wa Baba layi. Da na cire shi, layin ya farfaɗo. Baba ya turo wani tsinke daga sama ya cike gurbin, uku cif. Ya ce, "Na gode, ɗan boko. Tun ɗazu nake neman mai cire mini shi." Na sha jin ana cewa dara ta ci gida, a rediyo da bakin manya. Ranar na gan ta da idona.

Daga wannan cin ne ya hau abin da yake kira doki. 'Ya'ya biyar ke yin sa: biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙasa da shi, na biyar a gefensu yana hawa yana sauka. In ya sauka ya cika uku a ƙasa, ci. In ya hau ya cika uku a sama, ci. Kowace tafiya da ci, kai kuwa kana kallo ana kwashe ka ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa biyu ne. Ko ka cusa ɗanka a gurbin da dokin ya bari kafin ya dawo, ko kai ma ka jera uku ka cinye ɗaya daga cikin biyun da ya baro, tunda a lokacin ba sa cikin uku. Shi ya sa mai doki yake fara cinye 'ya'yanka da ke kusa da bargarsa. Na tambaye shi, in ya riga ya cinye su fa? Ya ce, "Sai ka kwashe tsakuwarka a sake zubi. Doki tun yana duƙushi ake ɗaure shi."

Littattafan Turawa da suka tattara wasannin duniya, in sun zo kan wannan darar, Dakarkari suke ambata. A Nijar ma ana yin ta, Zabarmawa suna kiran ta dili. Na faɗa wa Baba haka, ina zaton zai yi murna. Ya ce littafi ba ya zama a gindin tsamiya. Sannan ya ba ni labarin tsakuwar da nake wasa da ita. Ba tasa ba ce. Ta wani amininsa ce da suka yi fiye da shekara arba'in suna dara a ƙauye, kullum bayan an taso daga gona, shi da tsinke, aminin da tsakuwa. A rafin ƙauyen ya tsince su ɗaya-ɗaya. Da aka watse, aminin ya bi 'ya'yansa zuwa Kontagora, ya bar wa Baba gwangwanin ya ce ya riƙe masa sai sun koma. Shekara uku ke nan. Suna gaisawa ta waya, amma dara ba ta yiwuwa ta waya, in ji shi, sai kana ganin idon mutum. Samarin unguwa kuwa lido da ƙwallon Turai suka sani. Kullum da safe yakan gyara guraben don kada iska ta cike su, ko da babu wanda zai zauna.

Na rasa abin cewa. Na dubi abokina, ya sunkuyar da kai.

Ana gobe zan tafi, Baba ya ce ƙafarsa na ciwo, ba zai iya doguwar zama ba. Ya kira yarinyar nan ya ce, "Amaryata, zo ki karɓi tsinkena ki yi da baƙonmu." Na ce a raina, yau dai zan rama. Ashe duk kawo kunun nan da take yi tana tsayawa, ba banza ba. Shekara uku tana kallon Baba yana wasa da kansa, hannun dama da tsinke, na hagu da tsakuwa, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta zauna. Tsinkenta na farko a tsakiya ta soka shi. Na sa tsakuwa a gurbin da ke kusa. Na fara haɗa huɗun nan masu baki takwas, ta toshe tun ina da uku. Muka shiga tafiya, na ci biyu, kuma wannan karon na daɗe ina dubawa kafin na ɗauka. Ta ci uku. Na ci ɗaya. Na ga alamar doki na tahowa a gefen dama, na cusa tsakuwa a bargar, na ji Baba ya ce "Yauwa" a hankali. Wasan ya kai mu har kiran la'asar. Ta cinye ni, amma da tsinke biyar ta tashi, ba 12 ba. Baba bai dube ni ba ma. Ita yake kallo. Ya ce da ita, "Gobe in kin kawo kunun, ki zo da kujerarki."

Da asuba na je yi masa sallama. Na yi zaton zai ba ni ko tsakuwa ɗaya ta tunawa. Ya juye su a tafin hannu, ya ƙirga a gabana, 12, ya mayar cikin gwangwani ya rufe. Ya ce in gaida mahaifiyata, in ce mata an kiyaye sharaɗinta.

Yanzu a bayan ɗakin kwananmu a jami'a akwai gurbi 30 a gindin wata dogon yaro. Da marafan kwalbar lemo muke yi, wani ya kife nasa, wani ya bar su a buɗe. Mu shida ne zuwa yanzu, har da abokina, wanda sai da ya zo Sakkwato ya koyi wasan kakansa. In za ku gwada a makarantarku, ku daidaita ƙa'ida tun kafin zubi, musamman maganar huɗu a jere da ta cin ɗan da ke cikin uku, domin gari da gari sukan bambanta, kuma mu a nan sai da gardamar ta kusa raba mu. Makon jiya ƙanwar abokina ta kira shi a wayar mahaifiyarsu. Ta ce ta ci Baba sau ɗaya, shi kuma ya ce ƙafarsa ce ke ciwo. Ta ce kuma Baba na tambaya, ɗan bokon nan har yanzu a kusurwa yake zubi?